Ƙafar 'Yar-Toka da Tukunyar da Ta Biyo Mu

Wani mafarki na yi a daren jiya, irin wanda in mutum ya farka sai ya fara shafa ƙafafunsa ya ji ko suna nan. Yanzu hankalina a kwance yake, na sha kokona har na nemi ƙari. Amma kafin in ba da labarin, sai na faɗi abin da na kwanta da shi a rai.

Sunana Tanimu. Faci nake yi, na keke da na babur, a wata 'yar rumfa a ƙofar gida. Autata Sahura tana makarantar kwana. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye, don haka da ɗingishi take tafiya, kuma duk takalmin da aka sai mata ni nake ƙara wa na hagun tudu da robar taya. Tana da kaza guda mai launin toka, wadda ta raina tun tana 'yar tsako. 'Yar-Toka take kiranta. Ranar da za ta koma makaranta ba ta ce in kula da kaina ba, ba ta ce in kula da uwarta ba. Cewa ta yi, "Baba, ga 'Yar-Toka nan. Amana."

Sai kazar ta je tono inda nake zubar da tarkacen aiki, ta taka guntun wayar birki. Ban lura ba sai da tafin ƙafar ya kumbura kamar goro, da baƙin ɓawo a tsakiya, ta koma tsayuwa da ƙafa ɗaya. Jiya da la'asar muka kama ta, ni da matata Atine. Atine ta riƙe fikafikai, ni na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri har ɓawon ya yi laushi. Na ɓamɓare shi a hankali, na matso wani farin abu mai tauri kamar ƙwayar masara, da guntun wayar a cikinsa. Na sa aidin. Da aka zo ɗauri, sai hannuna ya kai ga abin da ya saba. Na yanko robar cikin taya na naɗe ƙafar tam, yadda ko iska ba za ta shiga ba.

Muna cikin haka yayana Barau ya yi sallama. Ya dubi kazar, ya dube ni.

"Tanimu, wahalar banza kake yi. Kaza mai ɗingishi tukunya take jira. Ka yanka tun da sauran nama a jikinta, kafin ta zama mushe ku yi biyu babu."

Ya ajiye mini wuƙarsa a kan turmi, wai tawa ko tuwo ba ta yankawa. "In gari ya waye ba ta taka ba, ka san abin yi."

Yau Sahura take dawowa hutu. Da wane baki zan ce wa yarinya mai ɗingishi na yanka kazarta saboda ɗingishi? Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a kan wata hanya da rana tsaka, ina tura keke. Ba ni nake tafiya ba, hanyar ce take wucewa ta ƙarƙashina, ni dai ina ɗaga ƙafa ne don kada a ce ina tsaye banza. 'Yar-Toka tana zaune a kan sirdi, ta miƙe ƙafar mai ciwo a gabanta kamar mai jiran ƙunshi ya kama.

"Bi dama," in ji ta.

Muryarta irin ta matan nan masu sayar da daddawa ce, ba sauri, ba wasa. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ban gaishe ta ba.

"Ya jikin?" na ce.

"Jiki da sauƙi. Ƙafa ce ba ta gaishe ka."

Na ji wani abu ƙwaram, ƙwaram a bayanmu. Na waiga. Tukunya ce baƙa, babbar nan da ake fito da ita ranar suna, tana biye da mu a kan duwatsun murhunta. Ta kafa hular Yaya Barau a kan murfi.

"Ku yi tafiyarku," ta ce, da muryar Yaya. "Ni ba gaggawa nake ba. Ruwa ma bai yi zafi ba."

Muka iso wata mararraba. Wani zabo yana tsaye a tsakiya da usur a baki, yana ba da hannu da fiffike. Nan na lura duk mutanen garin ɗingishi suke yi. Mai rake yana yi, ɗan garuwa yana yi, jakuna suna yi, har inuwar bishiya sai ta ɗan jinkirta ta gefen hagu kafin ta biyo. Ba wanda ya ga abin kallo a ciki. Ni ake kallo.

Zabon ya busa usur ya tsayar da ni.

"Malam, ƙafa biyu daidai? Da rana tsaka? A gaban mata da yara?"

"Haka aka haife ni, ranka ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa. Wa kake gudu?"

"Asibiti zan kai ta."

Ya dubi 'Yar-Toka, sai ya cire hula ya rusuna. "Sannu, Hajiya. Wannan tare kuke?"

"Baban uwar ɗakina ne," ta ce. "Ba shi da mugunta. Ƙarfin hannu ne ya yi masa yawa."

"Allah ya sawwaƙe," in ji zabon. Ya zaro tsakuwa daga aljihu ya jefa mini a takalmin hagu. "Je ka. Ka riƙa tafiya irin ta mutane."

Na fara ɗingishi, nan take kowa ya koma harkarsa. Ban taɓa sanin kallo yana da nauyi ba sai da aka sauke mini shi. Na ce a raina, in Sahura ta gama makaranta nan zan kawo ta ta sha iska.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a rumfata, amma an ciro ta daga ƙofar gida an dasa a tsakiyar kasuwa. Ga famfona, ga sholishon manna faci, ga kwanon ruwan da nake tsoma roba in nemi huji. Mutane sun yi layi, kowa da abin da yake masa yoyo. Wata tsohuwa ta kawo barcinta a ƙwarya, wai yana tsiyayewa kafin asuba. Wani manomi ya saɓo rijiyarsa a kafaɗa. Wani mai shayi ya kawo hirar teburinsa, wai duk abin da aka faɗa a wajensa sai a ji shi a unguwar gaba.

Aikina ne, na iya shi. Na yanko roba na naɗe ƙwaryar tsohuwa. Na naɗe bakin rijiya. Na naɗe teburin mai shayi tun daga ƙafa har butar. Da na ga reshen darbejiyar da ke yi mana inuwa yana ɗigar da ƙaro, shi ma na naɗe shi, kyauta.

Kasuwar ta yi tsit. Tsohuwar tana tsaye ido buɗe, barcin bai fita ba, bai kuma shiga ba. Manomin ya zura guga, gugan ya dawo da ƙura. Abokan hirar mai shayi suna ta motsa baki kamar kifi. Ganyen darbejiya ya fara yin baƙi daga ƙarshe.

"Kin gani?" na ce wa 'Yar-Toka. "Ba yoyo ko ɗaya."

"Ba yoyo," ta ce. "Ba kuma motsi."

Na ɗauke ta na tsoma ƙafarta a kwanon neman huji. Na zuba ido. Ko kumfa ɗaya bai taso ba. Raina ya yi fari, don a sana'armu wannan shi ne aiki ya yi kyau.

"Taɓa yatsun," in ji ta.

Na taɓa. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Zazzaɓi ya sauka."

Ta dube ni da ido ɗaya, ta juya kai ta dube ni da ɗayan. Tukunyar ta matso ta zauna a bencin masu jira, ta gyara hula.

"Na fara ɗumi," ta ce. "Ina dai faɗa ne."

Asibitin a cikin akurki yake. Daga waje ko kaina ba zai shiga ba, amma da na sunkuya na shiga sai na ga ya fi filin ƙwallo faɗi. A kan bencina ƙafafu ne zalla suke jira, masu su suna gida suna harkokinsu. Akwai ƙafar raƙumi, akwai ta wani tela da take ta taka keken ɗinkin da babu shi, akwai ƙafar tebur da ta zo da gara a jiki. Suka matsa suka ba mu wuri. Ƙafar raƙumin ta tambaye ni ko daga nesa muke, na ce daga bayan gida.

Aka kira mu. Da na ga likitar sai na ja da baya. Shirwa ce, sanye da farar riga, da tabarau a kan baki. Na ɓoye 'Yar-Toka a hammata.

"Kawo ta, Malam," in ji shirwar. "Ba na cin mara lafiya. Sai ya warke."

Na ɗora kazar a kan tebur. Shirwar ta juya ƙafar da farce, a hankali, kamar mai zaɓen tumatir.

"Ka jiƙa ta?"

"A ruwan ɗumi da gishiri."

"Ba mai ƙuna ba?"

"Da gwiwar hannu na gwada, kamar na wankan jariri."

"Madalla. Abin da ke ciki ya fito?"

"Ya fito, har da wayar."

"Wuri mai danshi ka kwantar da ita?"

"A'a, ɓuntun shinkafa Atine ta shimfiɗa mata, busasshe."

Shirwar ta gyaɗa kai. Ƙafafun da ke benci suka buga ƙasa, wai tafi ke nan a garin. Na fara jin kaina ya yi girma. Sai ta sa baki ta ɗan ja robar, ta saki, robar ta ce tas.

"Wannan fa, wa ya yi?"

"Ni ne. Mai kyau ce, ta babur ce."

"Zura ɗan ƙaramin yatsanka tsakaninta da ƙafar."

Na gwada ta sama, bai shiga ba. Na gwada ta ƙasa, bai shiga ba. Na tofa yawu na sake gwadawa.

"Malam Tanimu, in ka ɗaure taya, me kake tarewa?"

"Iska."

"A nan fa?"

Duk ƙafafun nan ba su da ido, amma na ji sun juyo suna kallona.

"Jini," in ji ƙafar tebur, wadda ba ta taɓa mallakar ko ɗigo ba.

Na faɗa wa robar da hannu biyu. In na kama ƙullin ta nan sai ya zagaya ta can. Na bi shi, ya ɓuya tsakanin yatsu. Na sa haƙori, sai na tarar an ari haƙorana an kai kasuwa. Yatsun 'Yar-Toka suka fara yin baƙi daga ƙarshe, kamar ganyen darbejiyar nan.

"Wuƙa!" na ce. "Jama'a, wa ke da wuƙa?"

Ƙafafu ba sa yawo da aljihu. Shirwar ta ce tata, wato farcenta, ta haihuwa ce, ba ta ciruwa. Sai na ji ƙwaram, ƙwaram. Tukunyar ta shigo har tsakiyar asibiti, tana tururi, ta ɗaga murfi da hular a kai.

"Tana cikina," ta ce. "Na gaya maka taka ba ta da kaifi."

Na durƙusa a gabanta. Ni da na aurar da 'ya'ya, na durƙusa wa tukunya, kuma ban ji kunya ba.

"Yaya, don girman Allah ka bar ta. Ta yarinya ce. Yau take dawowa. Ka ɗauki zakaranmu, ka ɗauki agwagwar maƙwabta in biya, amma ka bar wannan."

Tukunyar ta yi dariya har ruwa ya fantsalo.

"Ita? Wa ya ce maka ita nake bi? Tanimu, tun kana yaro ba ka sauraro. A garin nan ba a dafa mai ɗingishi. Mai ɗauri ake dafawa."

Zan faɗi gaskiya, ko da za a yi mini dariya. Da na ji haka, wani sanyi ne ya sauko mini tun daga wuya har ciki, irin wanda mutum yake ji in ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Ashe ni ne. To ai da sauƙi. Na cire takalmana na jera su a gefe, na zazzage tsakuwar zabon na ajiye masa don kada ya nema. Na naɗe ƙafar wando na zura ƙafa ɗaya a tukunyar. Ruwan ɗumi ne da gishiri, daidai gwiwar hannu.

"In na miƙo wuƙar, ku yanke robar kafin ku rufe," na ce wa shirwar.

"In sha Allah," ta ce, tana goge tabarau.

Na shiga har ƙugu ina lalube. Na taɓo albasa, na taɓo famfona, na taɓo haƙorana, ban taɓo wuƙa ba.

Sai na ji tafiya daga bakin ƙofa. Ƙwas, tif. Ƙwas, tif. Ko cikin taron idi na ji wannan takun zan gane shi, don tif ɗin nan ni na yanka shi da hannuna daga tsohuwar taya. Duk ƙafafun asibitin suka miƙe tsaye. Sahura ce, cikin kayan makaranta, da akwatinta na ƙarfe a ka, hutun yana ta motsi a ciki yana son fitowa.

Ta sauke akwati ta durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Auta. Ya hanya?"

"Hanya ta gaji, na bar ta a tasha. Baba, me kake yi a tukunya?"

"Wuƙa nake nema."

Ba ta dubi kazar ba tukuna, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta zauna a kan akwatin, ta cire takalminta na hagu ta ɗaga shi yadda zan gani.

"Baba, duk lokacin da ka gyara mini takalmi, me kake tambayata?"

"Ina ce miki, ya matse ki?"

"Da safe ka tambaya, da rana ka tambaya. In na yi barci ka tashe ni ka tambaya. Har Inna ta ce za ka sa wa yarinya ciwon kai." Ta nuna 'Yar-Toka da takalmin. "Ita ka tambaye ta?"

"Kaza ce, Auta."

"Tun safe take yi maka magana."

Na juya wajen 'Yar-Toka don in tambaye ta. Bakina ya ƙi buɗewa. Na shafa, sai na ji roba. Ashe tun a kasuwa na ga magana tana yi mini yoyo na naɗe shi, na manta. Na yi ta ƙoƙari, tambayar tana nan a maƙogwaro, gajeriya, ba ta da wuya, amma ba hujin da za ta bi. Tukunyar ta ce lokaci ya yi, ta yi mini sai da safe cikin ladabi, murfi ya sauko. Duhu ya rufe ni. Can sai na ji wani yana ƙwanƙwasa murfin daga waje. Ƙwan. Ƙwan-ƙwan. Ƙwan.

Na buɗe ido na ga rufin ɗakina. Gari ya yi haske. Na shafa baki, ba roba. Na shafa ƙafafu, suna nan, a bushe. Amma ƙarar ba ta tsaya ba. Ƙwan. Ƙwan-ƙwan. Daga tsakar gida take.

Sai robar ta faɗo mini a rai, ta gaske, wadda na naɗa jiya da la'asar. Na yi waje ba riga ba takalmi.

'Yar-Toka ce a bakin akurki, ta sa kai a tsohon kwanon sha tana tsattsagar tsaki. A tsaye take. Ƙafar lafiya ta kafe, mai ciwon kuma tana taɓa ƙasa a hankali, ta ɗaga, ta sake taɓawa. Ba roba a jikinta. Wani tsumma ne mai laushi, wankakke, na gane shi, gefen tsohon zanen Atine ne, an bi da shi tsakanin yatsu an zagayo ta sama.

Atine tana gindin murhu tana dama koko. Ko waigowa ba ta yi ba.

"Malam, ka sa riga mana, kaji na kallo."

"Robar fa?"

Ta nuna da ludayi. Ga ta can an ɗaure gindin tsintsiya da ita.

"Kana fita sallar magariba na leƙa ta. Na taɓa yatsun na ji kamar gindin randa. Na nemi ƙullin na rasa, kai in ka ƙulla abu sai ka ce da aljanu kake faɗa. Sai na ga wuƙar Yaya a kan turmi. Gaskiyarsa, tana da kaifi."

"Shi ne ba ki gaya mini ba? Kin san daren da na yi?"

"Na sani mana, ni ka yi ta shura. In na gaya maka ai sai ka tashi ka sake wani facin."

Na tsuguna kusa da kazar. Na zura ɗan ƙaramin yatsana tsakanin tsumman da ƙafar, ya shige ba gardama. Na taɓa yatsunta. Ɗumi. Na daɗe riƙe da su. Ɗingishin yana nan, mai yiwuwa ma ya zauna mata. Ba komai. A gidan nan mun san yadda ake zama da shi, kuma in motar makaranta ta iso da azahar, mai kaza za ta tarar da kazarta a tsaye.

Na duba hagu na duba dama, na sunkuyar da kai daidai kunnenta, na rage murya.

"Ya matse ki?"

"Malam!" in ji Atine, ludayi a sama. "Lafiyarka kuwa?"

'Yar-Toka ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta dube ni da ɗayan. Ta kai mini sara a babban yatsa, mai zafi, ta mayar da kai cikin kwano.